Jini cike, ƙashi na zaizayewa: zare kan bitamin D da 'yan huɗun wuya

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Akwai wasu 'yan ƙananan halittu guda huɗu a wuyan kowannenmu, kowacce ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. In bitamin D ya yi ƙaranci a jiki, su ne ke fara ɗibar ƙashin mutum a hankali, alhali gwajin jini na cewa lafiya ƙalau. 🧵

2/ Ni ɗalibar fisiyoloji ce, aji uku, ba likita ba ce. Rabin abin da zan faɗa a lakca na koya, rabin kuma a gidanmu na gan shi da idona. Duk wanda ya ji alamomin sun yi kama da nasa, asibiti zai nufa, kar ya tsaya a kan zarena.

3/ Ku taɓa gaban wuyanku, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. Nan tayirod take, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. A bayanta, manne da ita, akwai huɗun nan, biyu dama biyu hagu. Sunansu faratayirod. Suna ne kawai ya yi kama, aikinsu daban ne. Don sauƙi zan riƙa ce musu 'yan huɗu.

4/ Saboda ƙanƙantarsu an daɗe ba a ma san da su ba. Wajen 1850 wani masani a Ingila, Richard Owen, ya ga ɗaya a jikin karkandar da ta mutu a gidan zu na Landan. A jikin mutum kuwa, Ivar Sandström ne ya bayyana su a 1880, yana ɗalibin likitanci a Uppsala ta ƙasar Suwidin. Ɗalibi fa. Mu muna nan muna farautar tsofaffin tambayoyin jarrabawa 😅

5/ Aikinsu guda ɗaya ne: gadin kalsiyam ɗin da ke cikin jini. Mun saba jin kalsiyam na ƙashi ne da haƙori, kuma haka ne, kusan kashi 99 cikin 100 can yake. Babban mutum na ɗauke da kimanin kilo ɗaya. Amma ɗan ragowar da ke yawo a jini, shi ne rai ya dogara a kai.

6/ Da shi zuciya ke bugawa daidai, da shi jijiyoyi ke aika saƙo, da shi tsoka ke motsi, da shi jini ke daskarewa in an yanke. Dole ya tsaya tsakanin kusan miligiram 8.5 zuwa 10.5 a kowace desilita ta jini. In ya faɗi sosai, sai hannu ya riƙa ƙandarewa, a kai ga jijjiga, zuciya ma ta rikice.

7/ To jiki ba ya wasa da wannan lambar. Da ta ɗan yi ƙasa, cikin mintuna 'yan huɗu za su saki wani sinadari da ake kira PTH. Shi kuma wuri uku yake bugawa:
• ƙashi: saki kalsiyam
• ƙoda: riƙe kalsiyam, zubar da fosfet a fitsari
• ƙoda dai: kunna bitamin D don hanji ya tsotso kalsiyam daga abinci

8/ Ina bitamin D ya shigo? Shi ne mai buɗe wa kalsiyam ƙofa a hanji. In yana nan isasshe, hanji kan tsotsi kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na kalsiyam ɗin abinci. In babu shi, kashi 10 zuwa 15 kacal. Wato ki sha nono kwano guda, mafi yawan amfanin ya wuce ta bayan gida.

9/ Kuma yawancin bitamin D ba a abinci muke samunsa ba. Fata ce ke ƙera shi in wani nau'in hasken rana mai suna UVB ya taɓa ta. Daga nan ya je hanta a gyara shi, ya wuce ƙoda a kunna shi. Tasha uku: fata, hanta, ƙoda. Ko ina aka samu tangarɗa, aikin ya tsaya.

10/ Yanzu ku haɗa lissafin. Bitamin D ya yi ƙasa, hanji ba ya kawo kalsiyam, jini kuma dole ya cika. Ina za a samo? Ku ɗauka jini tukunyar gida ce, ƙashi kuma rumbu. Gona ba ta ba da komai ba, amma ba a fasa ɗora tukunya ba. Kullum ana ɗiba daga rumbu, ba a mayarwa.

11/ Baƙon da ya leƙa tukunya zai ce gidan nan akwai wadata. Haka gwajin kalsiyam yake yi. Sai ya fito nomal, ko ƙasa kaɗan, saboda 'yan huɗu na aiki dare da rana suna cike giɓin. Wata da watanni, har shekaru, PTH na sama, su kansu 'yan huɗun har girma suke ƙarawa.

12/ Wannan shi ne yawan aikin faratayirod na mataki na biyu. An ce na biyu ne don matsalar ba daga gare su ta taso ba. Aikinsu suke yi, wani wuri ne ya gaza. Farashin kuwa ƙashi ke biya: a babba ya yi laushi ya riƙa ciwo, a yaro ya lanƙwashe.

13/ Ga yadda na gan shi a gida. Yayata ta haifi uku cikin shekara biyar. Suna zaune a bene, hawa na biyu, babu tsakar gida, tagogi da labule mai kauri saboda zafi. Fitarta daga mota sai ofis ko gidan biki, yawanci da yamma. Bayan haihuwa ta uku ciwo ya fara.

14/ Ba irin ciwon da za ka nuna da yatsa ba ne. Ƙugu, gadon baya, cinyoyi, haƙarƙari. In ta zauna a tabarma sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Hawa benen gidanta ya koma aiki, tana yi tana hutawa. Ƙarshe sallah ma a zaune take yi, tana da shekara 29.

15/ Kun san yadda abin yake a wajenmu. Mai kemis ya ce maleriya da taifod, aka yi allurai, har zagaye uku. Umma ta ce sanyi ne ya kama ta tun wankan jego, aka dafa saiwoyi. Maƙwabciya ta ce a bincika, ƙila jifa ne. Farasitamol kuwa kamar gyaɗa.

16/ Wanda ya fi mata ciwo shi ne na dangin miji. Wai son jiki ne, wai yaran yanzu ba su da ƙwari, su da suka haifi goma suna surfe. Rannan ta ce min, "Auta, ni na fara tunanin ko gaskiyarsu ne, ko raki ne da ni." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

17/ An yi mata gwajin jini a wani ɗakin gwaji, har da kalsiyam. Nomal. Takardar nan ta zama hujja a kanta: ga shi asibiti ma sun ce ba komai. Daga nan ta daina faɗa wa kowa, sai dai ka ga ta cije leɓe in za ta ɗauki goyo.

18/ Sai da Allah Ya haɗa ta da wata likita a asibitin koyarwa. Ta ce ta tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ta kasa. Ta sa ta yi tafiya, ta ga tana rangaji irin na agwagwa. Ta danna mata ƙashin ƙauri, ta yi ƙara. Sai ta ce, "Hajiya, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki?"

19/ Yaya ta yi dariya, don tambayar ta yi mata kama da wasa. A garin da muke kuka da rana? Amma da ta tsaya ta lissafa, ta kasa tuna ranar. Aka rubuta gwaji huɗu bayan kalsiyam: bitamin D, PTH, fosfet, da wani sinadarin ƙashi da ake kira ALP.

20/ Sakamako: bitamin D can ƙasa, PTH ya ninka iyakarsa fiye da sau biyu, fosfet ƙasa, ALP sama. Kalsiyam yana nan daram a gefen nomal. Da ta turo min hoton takardar, abin da aka zana mana a allo ne sak, layi bayan layi. Jikina ya yi sanyi.

21/ Aka ɗora ta kan bitamin D mai ƙarfi na wasu makonni, sannan ƙarami na kullum, da ƙwayar kalsiyam, da gyaran abinci. Ba dare ɗaya ta warke ba. Ƙarfin cinya ya fara dawowa cikin makonni, ciwon ƙashi ya ɗauki watanni, PTH ma a hankali ya sauka. Yanzu a tsaye take sallarta, alhamdulillah.

22/ Na san tambayar da ke bakinku: ta yaya ɗan Afirka zai rasa bitamin D? A 2020 mujallar Lancet Global Health ta fitar da wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a faɗin nahiyar. Kusan mutum ɗaya cikin uku na da ƙarancinsa. Abin ya fi yawa a birane, da mata, da jarirai sabbin haihuwa.

23/ Dalilan a gabanmu suke:
• Duhun fata garkuwa ne daga rana, don haka muna buƙatar lokaci fiye da farar fata kafin mu ƙera adadi ɗaya
• UVB ba ya ratsa gilashi, zama gefen taga ko cikin mota ba ya ƙirguwa
• Gidajen yanzu: bene, ko tsakar gidan da aka rufe da kwano

24/ Ƙara da namu na 'yan makaranta: hostal, aji, laburare, waya har asuba, barci har azahar a ranar hutu. Ga kuma gudun rana don kar a yi baƙi. Mu faɗi gaskiya 'yan mata, nawa ne cikinmu ke bin inuwa da lema saboda man da muke shafawa?

25/ Kafin wani ya juya min magana: ban ce kowa ta ajiye hijabinta ba. Kakanninmu da lulluɓinsu suke fita, amma suna da tsakar gida a buɗe. Can suke daka, wanki, shanya, tsifar kai, hannu da ƙafa a rana. Sutura tana nan yadda take, tsakar gidan ce ta ɓace mana.

26/ Wani abin da ya ba ni mamaki a aji: ranar sassafe da ake ta yabo ba ita ce mai yawan UVB ba. In rana na ƙasa-ƙasa, iskar sama na tace mafi yawansa. Dabara mai sauƙi: dubi inuwarki. In ta fi ki gajarta, fata na iya aiki sosai. Wato daga hantsi ya ɗaga zuwa bayan azahar.

27/ Ba cewa aka yi a je a gasa kai ba, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ɗan lokaci ne, hannuwa da ƙafafu a buɗe, sau da dama a mako. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba a shanya shi a rana kai tsaye. Zabiya kuma rana na cutar da fatarsu, nasu ta hanyar magani ne da shawarar likita.

28/ Yanzu ga ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, don labarin bai tsaya a rana ba. A Jos an daɗe ana ganin yara masu gwame da ƙafar baka, wuyan hannu a kumbure, alhali yini suke suna wasa a rana. Likitoci suka tsaya bincike, cikinsu har da Tom Thacher, Philip Fischer da John Pettifor.

29/ A 1999 suka buga sakamakon a New England Journal of Medicine. Yara 123 aka raba uku: wasu bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun. Waɗanda suka samu kalsiyam, shi kaɗai ko a haɗe, sun fi warkewa nesa da masu bitamin D zalla. Abincin yaran na ba su kusan miligiram 200 ne kawai a rana.

30/ Me hakan ke nufi? 'Yan huɗu ba ruwansu da dalili. Ko bitamin D ne babu, ko kalsiyam ɗin ne babu a kwano, martaninsu ɗaya: PTH sama, a ɗebo daga ƙashi. Kuma in PTH ya daɗe a sama, jiki na saurin ƙone ɗan bitamin D ɗin da yake da shi. Rashi ɗaya na jawo ɗayan.

31/ Ku dubi kwanonmu: tuwon masara, tuwon dawa, shinkafa, taliya, indomi. Ciki na cika, amma kalsiyam kaɗan ne. Hatsi kuma na da wani sinadari, fayitet, da ke ɗaure kalsiyam a hanji ya hana shi shiga. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, irin na koko da kamu, na rage shi.

32/ Babban mutum na buƙatar kusan miligiram 1000 na kalsiyam a rana, matashi mai tasowa 1300. Abin daɗin, masu shi ba sai an je babban kanti ba:
• nono, kindirmo, madara, cuku
• ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya
• kuka, zogale, riɗi
• tamba, wadda ta fi sauran hatsi kalsiyam nesa ba kusa ba

33/ Bitamin D a abinci kuwa kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin su sadin da taitus, gwaiduwar ƙwai, hanta, da madarar gari ko bota da aka ƙara wa. Abin da ake so a rana: ma'auni 400 na IU ga jariri, 600 daga shekara 1 zuwa 70, 800 ga wanda ya haura.

34/ Masu ciki da masu shayarwa, ku ne a sahun gaba. Ɗan tayi na kwasar kusan giram 30 na kalsiyam daga uwa, mafi yawa a wata ukun ƙarshe. In uwa ba ta da bitamin D, jaririn ma haka zai zo. Nonon uwa ya fi komai, amma bitamin D ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ake ba jarirai na ɗigawa.

35/ Wasu da ya kamata su sa ido: tsofaffin da ba sa fita, masu ciwon hanta, masu ciwon hanjin da ke hana tsotsar abinci, masu ƙiba sosai don kitse na riƙe bitamin D. Da masu shan wasu magungunan farfaɗiya, ko rifamfisin na tarin fuka, don suna sa hanta saurin lalata shi. Kar a daina magani, a dai tambayi likita.

36/ Masu ciwon ƙoda nasu daban ne. Ƙoda ce ke kunna bitamin D, ita ke zubar da fosfet. In ta gaza, PTH na hawa sosai ko da ana shan rana kullum. Wani lokaci 'yan huɗun kan saba da aikin har su ƙi tsayawa, sai an yi tiyata. Wannan hannun likitan ƙoda ne kawai.

37/ Gargaɗi babba, don Allah kar ku tsallake. Akwai yawan aikin faratayirod na mataki na farko, inda laifin daga 'yan huɗun yake. Yawanci ɗaya ce ke yin ƙari marar kansa, ta riƙa zuba PTH ba dalili. A nan kalsiyam SAMA yake: tsakuwar ƙoda, yawan fitsari da ƙishirwa, taurin bayan gida, kasala.

38/ Ciwon ƙashi da gajiya na iya zuwa a duka biyun, amma magani ya sha bamban. Na biyu a cike abin da ya yi ƙaranci. Na farko sau da yawa tiyata ce. Mai na farko in ya kama shan kalsiyam da kansa, ƙara wa wuta fetur ya yi. Gwaji ne kaɗai ke raba su.

39/ Kuma bitamin D ba alewa ba ne. Jiki na ajiye shi, ba ya fita a fitsari kamar bitamin C. Iyakar da aka sa wa babba ba tare da kulawar likita ba ita ce IU 4000 a rana. Masu sayar da na 50,000 a Instagram suna cewa a sha kullum don fata ta yi kyau, ku ji tsoron Allah. Yawansa na lalata ƙoda.

40/ In za ku karanta takardar gwaji: sunan da za ku gani 25-OH D ne. Ƙasa da 12 a ma'aunin ng/mL rashi ne ƙarara, 12 zuwa 20 bai isa ba. In da nmol/L aka rubuta, lambobin 30 da 50 ne. PTH a yawancin ɗakunan gwaji 15 zuwa 65 ne a pg/mL. Fassarar dai ta likita ce.

41/ Na san gwajin nan da tsada, ba kowane asibiti ke yi ba, wani wurin sai an aika jinin wani gari. Namu ma sai da aka yi karo-karo. Amma ALP da fosfet sun fi araha, kuma suna ba likita haske. Ku lissafa kuɗin alluran taifod zagaye uku, ku gani wanne ya fi.

42/ Alamomin da za su sa a je asibiti:
• ciwon ƙugu, baya, cinya ko haƙarƙari na watanni
• wahalar tashi daga ƙasa ko hawa bene
• tafiya ana rangaji
• ƙashi ya karye a ƙaramar faɗuwa
• yaro: ƙafa ta lanƙwashe, jinkirin tafiya, wuyan hannu ya yi kauri, maɗiga ta ƙi rufewa

43/ In likita ya ce kalsiyam nomal ne amma ciwon na nan, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Likita, ko za a duba bitamin D da PTH?" Cikin ladabi. Nagari ba zai ji haushi ba.

44/ Samari, ku ma da ku. Wanda ke gina gida ya bar wa matan gidan fili a buɗe, ko ɗan baranda ne mai katanga. Mai cefane ya sako nono da busasshen kifi. Yaron da ƙafarsa ta fara baka a kai shi tun ƙashi na ɗanye, don yawanci magani da abinci na miƙar da ita ba tare da tiyata ba.

45/ Mu kuma 'yan ashirin da wani abu, yanzu ne jiki ke ƙarasa cika rumbun. Wajen shekara 30 ƙashi ke kai iyakar ƙarfinsa, abin da aka tara shi za a ci har tsufa. Ku tura wa wadda kuka san tana fama da "sanyi" shekara da shekaru. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, zan bi su bayan lakca.